Bolsover: Yadda Garin Kwal Ya Riƙe Ƙuri'arsa Shekara 69, da Yadda Ya Sake Ta

Mazaɓar Bolsover tana cikin gundumar Derbyshire a tsakiyar Ingila, kuma tun da aka ƙirƙiro ta a shekarar 1950 mutum huɗu kacal ta taɓa aikawa majalisar dokokin Birtaniya. Biyun farko, Harold Neal da Dennis Skinner, sun riƙe kujerar shekara 69 a tsakaninsu, dukansu 'yan jam'iyyar Leba ne, kuma dukansu daga ramin kwal suka fito kafin su shiga majalisa. Biyun ƙarshe, Mark Fletcher na jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau da Natalie Fleet ta Leba, sun karɓe ta ne ɗaya bayan ɗaya cikin ƙasa da shekara biyar. Na daɗe ina bibiyar tarihin wannan mazaɓa saboda ina ganin an yi wa mutanenta gurguwar fahimta har sau biyu: a 2019, lokacin da aka ce sun juya wa iyayensu da kakanninsu baya dare ɗaya, da kuma a 2024, lokacin da aka ce sun dawo gida. Alƙaluman zaɓen ba su goyi bayan ko ɗaya daga cikin maganganun biyu ba.

Kafin a shiga ƙuri'u, ya kamata a san ƙasar da ake magana a kai. Bolsover tsohon gari ne mai ganuwa da fada a kan tudu, amma abin da ya mayar da shi gari na ma'aikata shi ne ramin kwal da kamfanin Emerson Bainbridge ya haƙa a farkon shekarun 1890, tare da unguwar da ya gina wa leburorinsa a gindin tudun. Mazaɓar ba ta tsaya a garin kaɗai ba. Ta haɗa Shirebrook da Creswell da Clowne da Whitwell da Pinxton da South Normanton da wasu ƙauyuka, kuma kusan kowannensu ya girma ne a bakin raminsa. A irin waɗannan wurare, a wancan zamani, kamfani ne ke da gidan da mutum yake kwana, kuma abokin aikinsa a ƙarƙashin ƙasa shi ne maƙwabcinsa a sama. Gidan walwalar ma'aikata, wanda ake ginawa da kuɗin da ake tsakura daga cinikin kwal da kuma gudummawarsu, nan ne wurin taro da biki da wasa da makaɗan ƙaho, kuma nan ne reshen ƙungiyar ƙwadago yake zama.

Dangantakar ma'aikatan kwal na Derbyshire da majalisa ta girmi mazaɓar kanta. A 1906 an zaɓi James Haslam, shugaba a ƙungiyarsu, ya wakilci Chesterfield, a 1907 kuma William Harvey ya ci kujerar arewa maso gabashin gundumar, dukansu da goyon bayan jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi. Sai a 1909 tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan kwal ta ƙasa ta shiga inuwar Leba. Wannan yana da muhimmanci a wurina, domin yana nuna wanda ya riga wani: ƙungiya ce ta fara tsayuwa da ƙafarta, daga baya ta zaɓi jam'iyyar da za ta ɗauki saƙonta. A ranar 1 ga Janairu, 1947, gwamnatin Clement Attlee ta karɓe ramukan kwal daga hannun kamfanoni ta mayar da su mallakar ƙasa a ƙarƙashin hukumar kwal, abin da ma'aikatan suka shafe gomman shekaru suna nema. Saboda haka lokacin da aka buɗe akwatunan Bolsover a karon farko a 1950, mutanen wurin suna da dalili na zahiri da suke iya nunawa da yatsa.

Harold Neal, wanda tun 1944 yake wakiltar tsohuwar mazaɓar Clay Cross, ya ci sabuwar kujerar da kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙuri'u, kuma haka ya ci gaba da ci har ya yi murabus a 1970. Ya ɗan riƙe muƙamin ƙaramin minista a ma'aikatar makamashi a 1951, amma ba a cika tunawa da shi a wajen yankin ba. A shekararsa ta farko, ranar 26 ga Satumba, 1950, gobara ta tashi a ramin Creswell ta hallaka mutum 80. Shekara 12 kafin nan fashewa ta kashe mutum 79 a ramin Markham da ke dab da Bolsover, kuma a ƙarshen Yulin 1973 kejin da ke saukar da ma'aikata a ramin nan na Markham ya kufce ya faɗi ƙasa, mutum 18 suka rasu. Wanda ke son gane abin da ya sa dubban mutane suke jefa ƙuri'a wuri guda ba tare da gardama ba, to ya fara daga waɗannan ranaku. Mutumin da ransa ke hannun abokin aikinsa kullum, kuma ya san ƙungiya ce za ta tsaya wa matarsa da 'ya'yansa a kan diyya idan bai fito ba, ba ya ɗaukar shawarar ƙungiya a kan ɗan takara da wasa.

A wancan zamani ainihin zaɓen Bolsover ba ranar jefa ƙuri'a ake yin sa ba. Ana yin sa ne ranar da rassan ƙungiyar ma'aikatan kwal ta ƙasa, wadda aka sani da NUM, suka tsayar da wanda za su ɗauki nauyinsa, domin duk wanda suka tsayar ya riga ya ci. A 1970 suka tsayar da Dennis Skinner. An haife shi a Clay Cross a 1932, ya shiga rami yana matashi, ya yi fiye da shekara 20 a ramukan Parkhouse da Glapwell, ya zama shugaban ƙungiyar a Derbyshire a 1964, ya kuma yi kansila. Ya shiga majalisa a zaɓen da Leba ta sha kaye a ƙasa baki ɗaya, amma shi da fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un mazaɓarsa.

An yi rubutu da yawa a kan Skinner, mafi yawansa a kan kaifin harshensa: yadda aka sha korarsa daga zauren majalisa saboda ya ƙi janye magana, da baƙar maganar da yakan jefa wa manzon Sarauniya duk ranar buɗe majalisa, da laƙabin Dodon Bolsover da 'yan jarida suka liƙa masa. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abubuwan da ya ƙi yi. Bai taɓa riƙe muƙamin minista ba. Ya ƙi shiga al'adar da 'yan majalisa na ɓangarori biyu ke yi ta haɗa baki su ƙaurace wa ƙuri'a tare don kowa ya sami hutu, ya ƙi tafiye-tafiyen ƙasashen waje na majalisa, kuma lokacin da badaƙalar kuɗaɗen alawus ta ɓarke a 2009 yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙarancin karɓa. Ya ɗauki majalisa wurin aiki, yana zuwa da safe yana zama a gurbinsa kamar mai jiran a sauke shi rami. Ko wanda bai yarda da siyasarsa ta gurguzu ba, yana da wuya ya ce mutumin ya ci amanar waɗanda suka aike shi, kuma wannan amana ita ce ta ɓoye raunin jam'iyyarsa a yankin na tsawon shekaru.

Shekarunsa na farko su ne ƙololuwar ƙarfin ma'aikatan kwal. Yajin aikin 1972 ya samar musu ƙarin albashi mai tsoka, na 1974 kuwa ya kai firaminista Edward Heath ga kiran zaɓe yana tambayar wa ke mulkin ƙasar, kuma ya rasa kujerarsa. Shekara goma bayan nan labari ya sha bamban. A Maris 1984 aka shiga yajin aiki a kan shirin rufe ramuka, Arthur Scargill yana jagorantar ƙungiya, Margaret Thatcher ta masu ra'ayin riƙau tana jagorantar gwamnatin da ta riga ta tara kwal a tashoshin wutar lantarki ta kuma shirya 'yan sanda. Aka shekara guda cur, aka koma aiki a Maris 1985 ba tare da an sami komai ba.

A nan ne nake so in dakata, domin masu ba da labarin Bolsover daga nesa sukan nuna kamar yankin ya tsaya tsintsiya maɗaurinki ɗaya a wannan shekara, alhali ba haka aka yi ba. Mazaɓar tana kan iyaka da Nottinghamshire, inda mafi yawan ma'aikata suka ci gaba da aiki bisa hujjar cewa ba a kaɗa ƙuri'a ta ƙasa baki ɗaya kafin a kira yajin ba, kuma daga baya suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar. Ramukan Bolsover da Creswell, ko da yake a ƙasar Derbyshire suke, a tsarin ƙungiya suna ƙarƙashin reshen Nottinghamshire ne. Shirebrook kuwa tana ƙarƙashin reshen Derbyshire, kuma ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ɗauki-ba-daɗi tsakanin masu yaji da 'yan sanda da masu komawa aiki, musamman daga Nuwamban 1984 da yunwa da bashi suka fara karya mutane. An sami wa da ƙane da suka daina gaisawa, wasu har kabari. Skinner ya tsaya da masu yaji ba tare da ɓoye-ɓoye ba, yana zuwa bakin ramuka da asuba, yana ba da albashinsa ga asusun ƙungiya. Ƙuri'unsa a zaɓukan 1983 da 1987 sun tsaya a kusan kashi 56 cikin ɗari, nesa da abin da aka saba gani a zamanin Neal. Ashe tun ramukan suna aiki ɓaraka ta riga ta fara.

Sai rufewa ta zo. Glapwell ya tafi a 1974, Whitwell a 1986, Creswell a 1991. A Oktoban 1992 minista Michael Heseltine ya sanar da shirin rufe ramuka 31 a faɗin ƙasar tare da sallamar ma'aikata kusan 30,000, kuma a shekarar 1993 kaɗai aka rufe Bolsover da Shirebrook da Markham. Masana'antar Coalite, mai sarrafa kwal a gefen gari, ta ja har 2004 ita ma ta tsaya. Abin mamaki shi ne bayan wannan masifa ne Skinner ya sami ɗaya daga cikin manyan nasarorinsa: a 1997 ya sami ƙuri'a 35,073, wato kashi 74 cikin ɗari, da tazarar fiye da 27,000. Wannan ba ya da wuyar fahimta. Mutanen da aka raba da aikinsu sun san wace gwamnati ce ta yi musu haka, kuma sun fito don su kore ta bayan shekara 18 tana mulki. Amma ƙuri'ar fushi da tunawa daban take da ƙuri'ar da reshen ƙungiya ke sabuntawa kowane mako a wurin aiki. Ta farko tana tsufa tare da masu ita, kuma babu wurin da za a koya wa yara ita.

Leba ta yi shekara 13 a kan mulki daga 1997, kuma zalunci ne a ce ba ta yi komai ba. Ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi, an biya dubban tsofaffin ma'aikata diyyar ciwon huhu da lalacewar jijiyoyin hannu, an share filayen ramuka, an buɗe sabuwar mahaɗa a kan babbar hanyar M1 don jawo masana'antu zuwa tsohon filin Markham. Sai dai irin aikin da ya zo shi ne matsalar. A filin ramin Shirebrook kamfanin Sports Direct ya kafa katafaren rumbun ajiyar kaya, inda dubban mutane ke aiki, mafi yawansu ta hannun kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata haya, da yawansu kuma baƙi ne daga Poland da sauran ƙasashen gabashin Turai da suka shiga Tarayyar Turai a 2004. A 2016 wani kwamitin majalisa ya binciki yanayin aiki a wurin ya yi tir da shi, kuma mai kamfanin, Mike Ashley, ya amsa a gabansa cewa an biya wasu ma'aikata ƙasa da abin da doka ta kayyade. A daidai wurin da a da ba a isa a taɓa mutum ɗaya ba sai dubu sun ajiye aiki, sai ga shi a lokacin ana iya sallamar mutum saboda yawan rashin lafiya. Baƙin ba su da laifi a cikin wannan, su ma wahalar suke sha, amma ɗan tsohon ma'aikacin kwal da ke kallon garinsa ya canza cikin shekara goma ba tare da an nemi ra'ayinsa ba, ya nemi wanda zai saurare shi a jam'iyyar iyayensa bai samu ba.

Alƙaluma sun nuna zaizayewar a hankali, ko da an yi la'akari da ɗan gyaran iyakokin mazaɓa da aka yi a tsakani. A 2001 masu fitowa zaɓe sun yi ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, a yankin da a da sama da kashi 80 ke fitowa. A 2010 rabon Skinner ya sauko zuwa rabi daidai. A 2015 ya sami ƙuri'a 22,542, wato ya yi asarar fiye da 12,000 idan aka kwatanta da 1997, jam'iyyar UKIP mai neman ficewa daga Tarayyar Turai kuma ta kwashi kashi 21. Da farko mutane ba su koma wajen masu ra'ayin riƙau ba, domin hannun da ya yi yajin 1984 ba ya saurin dangwala wa jam'iyyar Thatcher. Zama suka yi a gida, daga baya suka gwada wata jam'iyya ta uku, kuma wanda ya taɓa barin gida sau ɗaya, fita ta biyu ba ta yi masa wuya. A gefe guda kuma ana ta gina sababbin gidaje kusa da babbar hanya, masu aiki a Sheffield da Nottingham da Derby suna saye saboda araha, mutanen da ba su da wata alaƙa da rami.

A ƙuri'ar raba gardama ta Yunin 2016, kusan kashi 71 cikin ɗari na masu zaɓe a ƙaramar hukumar Bolsover suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, ɗaya daga cikin mafi yawa a ƙasar. Skinner kansa ficewa ya zaɓa, domin tun shekarun 1970 yake adawa da tarayyar a matsayin kulob na masu jari. A zaɓen 2017, lokacin da Leba ta yi alƙawarin mutunta sakamakon, ya tsira da tazarar 5,288, amma masu ra'ayin riƙau sun haura kashi 40, abin da ba a taɓa gani ba a mazaɓar. Zuwa Disamban 2019 jam'iyyar, a ƙarƙashin Jeremy Corbyn, ta koma ga alƙawarin sake kaɗa ƙuri'a a kan batun, shi kuma firaminista Boris Johnson na masu ra'ayin riƙau yana yawo da magana guda ɗaya, cewa a gama ficewa a huta. Skinner yana da shekara 87, an yi masa aiki a ƙugu, bai iya yawon neman ƙuri'a ba, bai ma halarci wurin ƙirga ba. Mark Fletcher, matashi mai shekara talatin da 'yan kai, ya sami 21,791, Skinner ya sami 16,492. Wasu sun ɗora laifin a kan jam'iyyar Brexit ta Nigel Farage da ta ɗauki 4,151, amma ko da an tattara waɗannan duka an ba Skinner, da bai kamo ba. Da ya ci, da shi ne zai zama uban majalisa, wato wanda ya fi kowa daɗewa a jere. Na ji zafin yadda abin ya ƙare masa, amma ban yarda cewa mutanen sun yi butulci ba. Shekara 26 suka yi suna zaɓensa bayan an rufe rami na ƙarshe.

Fletcher bai yi sakaci da mazaɓar ba, ya yi ta fafutuka a kan rashin makarantar gaba da sakandare a yankin da kuma matsalar motocin haya, amma gwamnatinsa ta yi firaminista uku cikin zango ɗaya, tsadar rayuwa ta yi wa mutane katutu, kuma alƙawarin ɗaga yankunan da aka bari a baya bai zama abin da ake gani a titi ba. A Yulin 2024 Natalie Fleet, wadda ta yi aiki da ƙungiyar malaman makaranta kuma ta sha kaye a maƙwabciyar mazaɓar Ashfield a 2019, ta karɓo kujerar da tazarar 6,323, ta zama mace ta farko da ta wakilci Bolsover.

Wannan tazara tana da kyau a takarda, amma a duba abin da ke ƙarƙashinta. Fleet ta sami ƙuri'a 17,197, wato ta ɗara abin da Skinner ya samu ranar da ya faɗi da 705 kawai. Fletcher ya sami 10,874, ɗan takarar jam'iyyar Reform ta Farage ya sami 9,131, kuma idan aka haɗa su biyun sun haura 20,000. A tsarin zaɓen Birtaniya wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke ɗaukar kujera ko da bai kai rabi ba, don haka rabuwar abokan hamayya ce ta buɗe ƙofa, kamar yadda ta faru a ƙasa baki ɗaya inda Leba ta sami kujeru sama da 400 cikin 650 da kusan kashi 34 na ƙuri'u. Ba na faɗin wannan don rage darajar nasarar Fleet, wadda 'yar yankin ce kuma ta yi aikinta. Ina faɗi ne domin duk ɗan Leba da ya kalli taswira ya ga Bolsover ta koma ja, launin Leba, ya ce al'amura sun koma yadda suke, yana yaudarar kansa. Kusan mutum dubu goma sha takwas da suka zaɓi jam'iyyar a 1997 ba sa cikin lissafinta yanzu, wasu sun rasu, wasu sun daina zaɓe, wasu suna wani wuri.

Sabuwar gwamnatin ta yi wani abu da tsofaffin ma'aikatan kwal suka daɗe suna kuka a kai. Tun da aka sayar da masana'antar kwal ga 'yan kasuwa a 1994, baitulmali ke ɗaukar rabin rarar asusun fanshonsu, kuma a kasafin Oktoban 2024 aka mayar musu da ajiyar kusan fam biliyan ɗaya da rabi, abin da ya ƙara wa kowannensu kuɗin mako. Amma gwamnatin nan ce kuma ta janye tallafin ɗumama gida na hunturu daga mafi yawan tsofaffi a watanninta na farko, a yankin da tsofaffi ke da yawa, kafin daga baya ta sassauta. A ƙarshen Satumban 2024 aka kashe tashar Ratcliffe da ke Nottinghamshire, tasha ta ƙarshe mai ƙona kwal a Birtaniya. A Mayun 2025 kuma jam'iyyar Reform ta karɓe majalisar gundumar Derbyshire da rinjaye, ta ture manyan jam'iyyun biyu gefe. Dole a yi babban zaɓe na gaba kafin ƙarshen Agustan 2029, kuma a karon farko tun 1950 jam'iyyu uku ne za su shiga Bolsover kowace tana da dalilin sa ran ɗaukar kujerar.